Hakin Wuyan Adawiyya

Lahadi, bayan La'asar

Sun dawo daga Ƙofa, garinmu. Ina shagona na gyaran waya a bakin tashar Kankia na hango matata Salma tana saukowa daga bayan ɗan acaɓa, na bar wayar mutane a buɗe na taso da gudu. Mako guda ban ga ɗiyata ba. Na kwance goyon da kaina.

Rigar da ke jikin Adawiyya ba wadda na saya mata ba ce. Na ce ina tata? Salma ta ce an wanke, ba ta bushe ba. Rana kamar wuta ake yi tun da suka tafi, wai riga ba ta bushe ba.

Yarinya ba ta yi mani dariya ba. Adawiyya, da muke ce wa Ada, da ke cafke mani hanci kafin in yi sallama, yau kallona kawai take, miyau na zuba, jiki zau.

A gida na zazzage jakar. Rigar tana ƙasa, naɗe cikin baƙar leda. Gabanta duk ya ƙandare, ya yi baƙi.

Na mayar da ita cikin ledar. Ni Harisu, da duk tasha ta san bakina, ban ce komai ba.

Lahadi, bayan Magariba

An cire mata hakin wuya.

Na rubuta ne don in gani da idona. An cire mata hakin wuya. Ranar Alhamis, a zauren gidanmu na Ƙofa, Nagoggo wanzami.

Wadda ta goya ta zuwa zauren ba zan rubuta sunanta ba. Ita ta haife ni.

Litinin, da hantsi

Ba ta kama nono ba tun jiya. Ta kai baki, ta ja sau ɗaya, ta saki da kuka, kukan ma ba ya fita. Bakinta na wari.

Na faɗa masu. Abin da ke ta juya mani a kai ke nan. Ranar suna na faɗa, a gaban kowa, da Nagoggo ya buɗe zabirarsa. Na ce ba mai sa wa ɗiyata ƙarfe a maƙogwaro ina raye. Aka ce yaron ya karanta waya ya haukace. Da ta yi wata huɗu likita ya ce mana tana da abin da suke kira Daun sindirom, wanda mutanenmu ke jefawa kwando ɗaya da kowane ciwo su ce galahanga. Na je har Ƙofa na yi bayani. Na ce harshen da take fitarwa, da minsharin da take yi ido biyu, da tarin da ba ya rabuwa da ita, duk daga nan ne, hanyar numfashinta ce ƙarama. Suka ce hakin wuya ne da aka bari ya yi tsawo, shi ke tokare ta, shi ya hana ta girma. Shekara guda da 'yan watanni suna faɗa, ina zagi.

Na tambayi Salma: "Kina ina?"

Ta ce tana gona wurin tsinkar gyaɗa.

Na ce: "Kalle ni. Kina ina?"

Ta fashe da kuka. Na bar ta, na je neman mai Keke.

Litinin, bayan Azahar

An kwantar da mu a asibiti. An nemi jijiya a hannu an rasa, a ƙafa an rasa, sai a ka aka samu. An aske mata gefe guda.

Talata, da yamma

Sistar ɗakin yara ta ce in na ƙara ɗaga murya za ta sa mai gadi ya fitar da ni, kuma ba zan sake shiga ba. Laifina na tambayi dalilin da ruwan da ake ƙara mata ya tsaya. To, da ƙarfi na tambaya. Ta ce: "Malam, akwai yara goma sha a nan, duk suna da iyaye." Na buɗe baki, sai na ga Ada ta zabura cikin barci saboda muryata.

Shi ya sa nake rubutu. Abin da ya taso mani a wuya sai in zuba shi nan. Takarda ba ta da mai gadi.

Laraba, da hantsi

Likita Umar ya kira ni ofishinsa. Ba zai girme ni da yawa ba, siriri, da tabarau. Ya ɗaga hoton ƙirjinta jikin taga. Ya ce wurin da aka yanka ya ruɓe, cutar ta shiga jini, kuma jini da ruɓar da ta shaƙa sun sauka huhu. Ya nuna mani wani farin gajimare a dama.

Na ce: "Likita, ni ma an cire mani. Duk Ƙofa an cire wa kowa. Ga mu nan muna yawo. Mi ya sa ita?"

Ya sa bakin biro a tsakiyar hoton, sama da zuciya. Ya ce a bayan ƙashin ƙirjin kowane jariri akwai wani ɗan nama, sunansa taimos. Nan ake horar da ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kamar barikin da ake kai kurata a koya masu gane abokin gaba. A yaro mai watanninta, in ji shi, yakan fito ƙato a hoto, har baƙon likita ya tsorata ya ɗauka ƙari ne.

Na ce: "Ina nata?"

Ya ce: "Shi nake nuna maka."

Ban ga komai ba. Ya ce eh. Ya ce hoto ba ya faɗin duka, zazzaɓi mai tsanani ma yana motsar da shi, amma yara irinta da yawa haka ake haifarsu, nasu ƙarami, sojojin da yake fitarwa kaɗan, horonsu kuma bai kammala ba. Abin da wani yaro zai yi zazzaɓin kwana biyu ya tashi yana wasa, ita sai ya kayar da ita.

"Ku ma da kuka tsira," ya ce, "ba askar ce ta yi maku alheri ba. Jikinku ne ya rufe ɓarnar."

Na fito na tsaya a baranda. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Wata mata ta ce in matsa ta wuce da fo.

Laraba, bayan La'asar

Na nemi kalmar a waya. Ni ban wuce aji huɗu na firamare ba, Turancina na cikin waya ne da jaridun da ake naɗe tsire, amma in na kafe wa kalma sai ta buɗe. Yau na kafe. Gaskiya likita ya faɗa. Yana girma da yaro, in an balaga ya fara ƙanƙancewa, a tsoho kitse kawai yake komawa. Na masu irin ciwon Ada tun a ciki yake zuwa a tauye. Har allurar rigakafi ba ta kama su kamar sauran yara.

Duk karatuna a kanta, ban taɓa cin karo da wannan ba. Na san harshe, na san zuciya, na san ba za ta yi tafiya da wuri ba. Ban san ƙirjinta a buɗe yake haka ba.

Mutum ya iya buɗe cikin waya ya gane wace 'yar waya ce ta tsinke. Cikin ɗiyarsa kuma sai dai a ɗaga masa a taga.

Alhamis

Zazzaɓi.

Juma'a, bayan masallaci

Sun zo daga Ƙofa. Baba ya shiga ya tofa mata addu'a ya fito. Ita, wadda na ce ba zan rubuta ba, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon fura. Na tsaya a gabanta. Ban taɓa ta ba, tsayawa kawai na yi.

Ta ce: "Babba, matsa in ga ƙawata."

Babba take ce mani, sunan kakana na ci, ba ta taɓa faɗin Harisu ba. Ada kuwa ƙawata take ce mata tun ranar da aka haife ta.

Ban matsa ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta juya, ta je gindin bedin da ke tsakar asibiti ta shimfiɗa gyalenta ta zauna. Da Baba zai koma ya ce ta taso. Ta ce ya gaida gida.

Asabar, da safe

Tana nan gindin bedin. Wurin masu jinya ta kwana. Salma na kai mata ruwa a ɓoye, ta ɗauka ban gani ba.

Asabar, da yamma

Salma ta faɗa da kanta, ban tambaya ba. Muna zaune gefen gado, tana goge wa Ada baki da tsumma.

"Ba gona nake ba. Ina ɗaki. Na ji kukanta."

Ta matse tsumman ta ci gaba.

"Na tashi har bakin ƙofa. Mi zan ce? Uwarka ce. Cikin gidanta nake, tuwonta nake ci. Cewa ta yi kullum in yarinyar nan na barci sai ta ji kamar ana shaƙe ta, ita ba ta iya ji kuma. Ta ce in ta gaya maka za ka tara mata jama'a kamar ranar suna."

Na ce: "Wato ni ne."

Ta ce: "Ban ce ba."

"Ni ne na riƙe askar."

"Don Allah, Abban Ada, yi a hankali, sista na kallo."

Na fita. Na zagaya bayan ɗakin gwaji na naushi bango. Yanzu biro ma da ƙyar nake riƙewa.

Litinin, da hantsi

An canza magani. Wancan bai ci ba. Likita ya ce a wani yaro da tuni jiki ya karɓi aikin daga hannun allura. A jikin Ada kuwa allurar ce kaɗai ke faɗan.

Ita kaɗai ke faɗan. Ita kaɗai.

Talata, bayan Azahar

Nagoggo ya zo gaisuwa. Wallahi ya zo. Da babbar riga, da zabirarsa rataye a kafaɗa kamar mai zuwa suna. Baba ne ya kawo shi.

Ya ce: "Sannu, Babba. Ya mai jiki? Allah shi ba da lafiya."

Na ce: "Da askar ka zo? Akwai sauran abin da ka manta ba ka yanke ba?"

Baba ya ce: "Kai!"

Nagoggo ko a jikinsa. Ya ce: "Bar shi, Malam Haladu, zafin ɗa ne. Yaro, ni na cire naka, ubana ya cire na ubanka, da askar nan dai. Ga ka nan ƙato. Kuskurena ɗaya, da na bar maka harshe."

Wasu masu jinya suka yi dariya. Dariya!

Na ce: "Ka dafa ta? Askar. Ka taɓa dafa ta ko sau ɗaya?"

Ya ce: "Aska nama ce da za a dafa? Goge ta nake, in yi bisimilla."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Tsoho ne, ba nauyi, hularsa ta faɗi. Baba bai daka tsawa ba. A hankali ya ce: "Sake shi, ko in sake ka." Na sake.

Abin da ya fi ci mani rai, mutumin nan bai yarda ya yi wani abu ba. Da ƙarya yake yi da na samu sauƙi. Tsakaninsa da Allah yake ganin taimako ya yi.

Talata, bayan La'asar

Baba ya kira ni waje. Ga hukuncin: yarinya ta kwana da yawa ana huda ta ba sauƙi. Nagoggo ya leƙa ta taga ya ga yadda ƙirjinta ke lotsawa, ya ce mataccen jini ne ya kwanta, a yi mata ƙaho a tsotse shi. Ranar Juma'a bayan masallaci Baba zai zo da mota a kai ta gida.

Na ce: "Baba, ƙaho? A ƙara tsaga ta?"

Ya ce: "Na ba asibiti lokacinta. Ban zo shawara ba."

Na fara bayanin taimos. Na ji kaina ina faɗin kalmar, na ga fuskarsa. Kamar ina karanta masa lambar waya. Murya ta hau, ta hau, har na ce wani abu game da jahilci da bai kamata ɗa ya faɗa ba. Ya kalle ni, ya gyara rawaninsa, ya tafi.

Likita ya ce in aka cire ta daga maganin nan yanzu ba ya jin za ta kai wata Juma'ar. Ya ce ni ne uba, ba mai fitar da ita sai da yardata. Shi ɗan birni ne. Bai san yadda ake ce wa Malam Haladu a'a a gaban mutane, sannan a ci gaba da zama ɗansa ba.

Laraba

Ban buɗe shago ba tun ranar da aka kwantar da mu. Wani ya biyo ni har asibiti neman wayarsa. Na ba shi a warwatse cikin leda.

Alhamis, da sassafe

Na je mahauta.

Jiya na karanta cewa dabba ma na da shi. Na samu Kamilu, abokina tun muna yara, yana feɗe ɗan akuya. Na ce ya buɗe mani ƙirjin a hankali, in ga abin da ke sama da zuciya, gindin wuya.

Ya ce: "Harisu, ka bar waya ka koma bokanci?"

Na ce: "Buɗe, don ubanka."

Ya ce: "A'a, lallai lafiyarka lau, tunda zagi na nan."

Ya tsaga. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani abu fari-fari mai ɗan ja, laushi kamar ƙwaƙwalwa, ɓari biyu. Ya ce: "Wannan? Wasu su ce kitse, wasu su ce kaluluwa. Cikin kayan ciki muke jefa shi. A ƙanana ake samu, tsohon bunsuru ba shi da shi."

Ya ɗora mani a tafin hannu. Da ɗuminsa.

Na tsaya cikin jini da ƙudaje ina kallon abin. Ɗan wannan. Akuyar da ba ta kai wata biyar ba an ba ta cikakke, ya cika mani hannu. Kamilu ya ga fuskata ya daina wasa. Ya naɗe mani a takarda, ya ce: "Allah shi tashi kafaɗarta."

Alhamis, da hantsi

Na kai wa Inna.

Tana gindin bedi tana jan carbi. Ta rame. Na durƙusa, ban gaishe ta ba, na buɗe takardar.

Ta duba ta ce: "Na ɗan akuya ne. Ina ka samo?"

Na ce: "Kin san shi?"

"Ni da na shekara nawa ina gyaran kayan cikin layya? Kai nake soya wa shi kana ƙarami, don ba shi da tauri."

Na ce mutum ma na da shi. Na nuna mata nan, a ƙirjina. Na ce shi ke koya wa jinin yaro faɗa da cuta. Nawa da aka yanka mani wuya cikakke ne, shi ya tare mani. Na Ada tun daga ciki ɗan mitsitsi ne. Na gutsuro kaɗan da farce na nuna mata. Na ce duk ƙofar da aka buɗe a jikinta, ko ta aska ko ta ƙaho, ba mai tsaron ta.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ƙasa-ƙasa ta fito.

Ta karɓi takardar ta riƙe a cinya. Ta taɓa abin da yatsa. Ta ce: "Likitan ne ya gani?"

Na ce a hoto.

"Kuma ba a ƙara mata? Ba a sayen shi?"

Na ce a'a.

Ta ce: "Mi ya sa ba ka taɓa faɗa mani haka ba?"

Na ce ni ma ban sani ba sai satin jiya. Ta ce ba shi take nufi ba. Ban tambaye ta abin da take nufi ba.

Na ce ta taso ta wanke hannu da sabulu. Ta wanke har gwiwar hannu kamar mai alwala. Da ta ga kan Ada da aka aske da robar da ke hancinta, sai ta dafa bango.

Juma'a, bayan masallaci

Baba ya zo da motar wani ɗan Kusada, har da katifa a baya. Na tsaya a baranda, na shirya abin da zan faɗa tun safe, duk ya gudu.

Ban samu faɗa ba. Inna ta fito ta zauna a ƙasa, daidai bakin ƙofar ɗakin yara, ta miƙe ƙafafu.

Baba ya ce: "Hawwa, mene ne haka? Tashi."

Ta ce: "Malam, a bar ta."

"Ke da kanki kika ce asibiti ba ta san hakin wuya ba."

"A bar ta, Malam."

"A gaban mutane?"

Ta ce: "In za a fitar da ita sai a tsallake ni."

Tun da nake ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ko a kan gishirin miya. Baba ya kalle ta, ya kalle ni, kamar ni na yi mata asiri. Sista ta zo wucewa da tire, ta tsallake ƙafafun Inna ta shige. Mai motar ya ce shi fa yana da lodin gero. Suka tafi.

Lahadi, da hantsi

Zazzaɓi ya sauka! Ta buɗe ido ta bi Salma da kallo. Ta sha nono a cokali, ta haɗiye. Inna na yi mata tafi a hankali tana cewa: "Ƙawata, ƙawata, tashi mu je biki." Ta motsa baki kamar za ta yi dariya.

Na fita na sayo wa duk ɗakin lemo. Har sista. Ta ce: "Ashe kana da haƙora."

Litinin

Likita bai yi murna yadda na so ba. Ya ce mu jira. Na ji haushinsa duk yini. Mutum ya ga yarinya na haɗiya ya ce mu jira.

Laraba, da safe

Zazzaɓin ya dawo. Ya fi na farko.

Laraba, bayan La'asar

Huhun hagu ma ya kama. Wata cutar ce daban, in ji shi, ta samu jiki a gajiye ta shiga. Ƙirjinta na lotsawa har ina ƙirga haƙarƙari. Leɓenta ya canza launi.

Na ce: "Ba kun ce magani ya ci ba?"

Ya ce ya ci waccan.

Na ce: "To ku ba ta na wannan."

Ya ce an fara. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce gobe da safe in ta ɗan daidaita za a wuce da ita Katsina, can akwai injin da ke numfashi a madadin yaro.

Na sa hannu a ƙirjinta, daidai wurin. Ina jin zuciyar na gudu. Na ce a raina ku fito mana, ko ku nawa ne ku fito.

Alhamis

Ba a je Katsina ba.

Alhamis, bayan La'asar, Ƙofa

A hannu na ɗauke ta, ba a sa makara. Hanyar maƙabarta ta bi ta cikin gonar Baba, an yanke gero an jera. Mutane na ta cewa in kawo su karɓa. Ban ba kowa ba.

Baba ne ya shiga ramin. Ya miƙo hannu, na miƙa masa ita.

Juma'a

Mutane. Tabarmi. Allah shi ba da haƙuri. Amin. Allah shi sa mai ceto ce. Amin.

Salma ba ta magana. Nononta na zuba, ta ɗaure ƙirji da zane.

Nagoggo ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma. Ba zabira. Na kalle shi, na nemi abin da ke tasowa a wuyana kullum, ban samu komai ba.

Asabar, da hantsi

Ruwan alwala ya ƙare a zaure, aka ce in shiga in ɗebo. Na shiga da buta. Tsakar gida cike da mata, wasu daga garin Boko, wasu daga Sukuntuni dangin Salma. Ba su lura da ni ba, ina bayan rumbu wurin randa.

Wata tsohuwa ke magana, ba na son sanin ko wace ce. Tana cewa: "Ku yi haƙuri, Hawwa. Irin waɗannan dama ba su zo zama ba. Leƙowa suke su koma. Allah ya hutar da ita, ya hutar da uwar."

Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Na ji abin ya taso. Na ajiye moɗa. Na buɗe baki.

Inna ta riga ni.

"Ta zo zama."

Ta maimaita:

"Ta zo zama. Tana cin tuwo, ta fara rarrafe, ta san ni. Ni na goya ta na kai ta zaure. Ni na riƙe mata hannuwa."

Wata ta ce: "Subhanallahi, Hawwa, kwana ne ya ƙare. Ki yi istigfari."

Ta ce: "Ina yi. Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma kada wadda ta ƙara cewa ba ta zo zama ba a gidan nan. Da aka buɗe mata baki ni take kallo. Ta ɗauka wasa za mu yi."

Ba ta yi kuka ba. Hannuwanta na kan gwiwa, a buɗe. Salma ce ta saki wata irin ƙara daga ɗaki, ta farko tun ranar Alhamis.

Sai Inna ta ɗago ta gan ni tsaye da buta. Duk suka juyo. Jira suke, na sani. Kowa a wurin ya san bakina.

Na ajiye butar. Na ratsa ta cikin matan, na zauna a ƙasa gefen ƙafafunta. Daga zaure ana ta kiran a kawo ruwa. Ba wadda ta ce in tashi.